Firiza ta sola ko ta wuta da inbata? Dan Allah ku ba ni shawara kafin in taɓa kuɗin adashi

Uwar Biyu, Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Ƙarshen watan nan in Allah ya kai mu ni ce da ɗaukar adashi, kuma na daɗe ina son in sayi firiza saboda ina ɗan yin zoɓo da kunun aya da lamurje ina sayarwa a gida, yara ƴan makaranta da masu shaguna na bakin layi su ne masu saye, to yanzu a firij ɗin maƙwabciyata nake sakawa ina biyanta, ita ma ɗin sai an kawo wuta, ranar da ba a kawo ba sai dai in aika Sabon Gari a sayo ƙanƙara in zuba a kula, ribar duk ta tafi a kuɗin ƙanƙara da kuɗin mashin. Kunun aya kuma kun san halinsa, in bai samu sanyi ba kafin la'asar ya fara tsami.

Wutarmu a nan Zariya ba ta da tabbas, wani lokacin a kawo cikin dare a ɗauke kafin asuba, in ma an kawo da rana sai ka ga ƙwai ya yi ja fanka tana juyawa da ƙyar. Maigida ya ce in sayi firiza ta sola kawai wadda ake haɗawa da fanel da batir, ƙanina kuma ya ce a'a in sayi ta wuta ta kullum sai a haɗa mana ƙaramin inbata wanda zai ɗauki fanka da fitilu ma. Akwai kuma wadda ta ce min in je in ɗauko ta hannu ƴar Beljiyam sun fi ƙarko kuma sun fi sauƙi. Kaina ya ɗaure wlh. Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne, kuma in suka tafi sun tafi sai wani zagayen. Ina so kafin azumi in fara ƙanƙarar fiya wata ma in zai yiwu. Wanne ya fi min?

Ɗan Samaru:

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Ni harkar haɗa sola nake yi, bari in ɗan yi miki bayani da tsawo don kar a je kasuwa a ruɗe ki da manyan lambobi.

Kafin maganar sola ko inbata, abu na farko shi ne ki raba buƙatunki biyu, sanyaya zoɓo daban yin ƙanƙara daban. Sanyaya abin sha aiki ne mai sauƙi, amma mayar da ruwa ƙanƙara shi ne ke cin wuta sosai. A jikin kowace sabuwar firiza akwai takarda ko ɗan ƙarfe a baya da aka rubuta wat nawa take ja da kuma kilo nawa take iya daskarar da shi a awa 24. Irin na gida masu buɗewa ta sama ɗin nan masu lita 200, yawanci za ki ga kilo goma sha wani abu ne. To jakar fiya wata ɗaya leda 20 ce, kowace rabin lita, lita 10 kenan wato kilo 10. Kin ga ashe jaka ɗaya zuwa ɗaya da rabi ce ƙarfinta a yini da kwana, shi ma in wuta ba ta yanke ba. Mutane da yawa sai su loda jaka huɗu biyar su ce firiza ba ta da kyau, alhali an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ne. Masu sana'ar ƙanƙara na gaske injinsu daban ne, wanda ake ƙerawa musamman da babban kwamfuresa, wato injin da ke sa sanyin. Saboda haka ƙanƙarar da za ki samu ta amfanin kanki ce da ɗan abin da za ki sayar wa maƙwabta da azumi, kar ki sa rai da buhu buhu.

Yanzu lissafi. Firiza irin wannan tana jan wat 100 zuwa 150 in tana aiki. In kina zuba mata sabon kaya kullum a zafin Zariya na watan Maris da Afrilu, kusan ba ta hutawa, ki ƙaddara yunit 2 zuwa 3 a rana, irin yunit ɗin mitar wuta. Fanel mai wat 500 na gaskiya, a rana irin tamu da muke samun awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi, in an cire asarar waya da zafi da ƙura yana ba da kamar yunit 2. Kenan fanel biyu sun riƙe firiza, in za a ƙara fanka da fitilu da cajin waya a yi uku. A watan Agusta da hadari ke rufe sama kwana da kwanaki abin yana raguwa sosai, amma lokacin ma cinikin sanyi ya ja baya.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne batir, kuma nan ne nake so ki natsu. Batir na ruwa mai tsayi ɗin nan da ake ce wa tubula, 12V 220Ah, a lissafi yunit 2.6 ne a cikinsa amma rabi kawai ake so a taɓa, in ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba zai daɗe ba. Lithium kuma 24V 100Ah kusan yunit 2.5 ne, ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa kuma yana yin shekaru fiye da na ruwa nesa ba kusa ba, sai dai tsada a farko. Amma ke ba sai kin sayi batir da zai kwana yana jan firiza ba. Ki bar ta ta yi aikinta da rana daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma lokacin da fanel ke kawo wuta kai tsaye, ki jera robobin ruwa a ƙasanta su daskare ki bar su nan kar ki taɓa sayar da su, da dare a kashe ta a bar ta a rufe. Wannan ƙanƙarar ta ƙasa ita ce batirinki na dare. In an kawo wuta cikin dare ta ƙara da ita, in ba a kawo ba sanyi na nan har safe. Da wannan dabarar ƙaramin batir ya ishe ki, wanda zai taimaka wajen tashin kwamfuresa da lokacin da gajimare ya gifta, ya kuma ba ku fanka da fitila da dare.

Ni dai ra'ayina na ƙaninki ne, firiza ta wuta sabuwa da inbata. Dalili, inbata ɗin gidan gaba ɗaya zai amfana, kuma in kuɗi bai kai ba za ki iya sayen firizar yanzu, zagaye na gaba a haɗa solar. Sai dai inbata ya zama fiyo sayin wef, wato mai ba da wuta sumul irin ta layi, masu arhar nan da ke sa fanka ƙugi suna ƙona kwamfuresa a hankali. Kuma kar ya gaza 1.5kVA, saboda a daƙiƙar da firiza za ta tashi tana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar ko fiye na abin da take ja, ƙaramin inbata sai ya yi ƙara ya ɗauke. Dutsen guga da hita da butar lantarki kuwa a gaya wa yara ba a kusantar da su, guga kaɗai wat 1000 ne zuwa sama.

Maman Ɗalibai, Kongo:

Ƴar uwa ni ta sola ɗin nake amfani da ita kuma gaskiya ban yi nadama ba, shi ya sa zan ɗan saɓa wa Malam na Samaru. Ita wannan ba ruwanta da inbata, daga fanel sai ɗan akwatin caji sai batir sai ita, kuma tashinta a hankali take yi ba ta fizga, don haka batir ɗaya ke riƙe min ita. Abin da na fi so ma shi ne ba wanda zai zo ya jona wani abu a kai, domin in inbata na gida ne wlh ba ki isa ki hana ba, maigida zai kunna kallon ƙwallo yara za su jona waya biyar, baƙi su zo a kunna fanka uku, kafin gari ya waye batir ya yi ƙasa ke da sana'arki ku ne a wahala. Tawa ta sana'a ce kawai kowa ya sani.

Amma gaskiyar Malam ce a maganar ƙanƙara, ba ta yin da yawa, kuma kuɗin da za ki sayi mai lita 200 ta sola ya fi na ta wuta mai girman nan sosai.

Sai abin da na koya a sana'ar, ko wacce kika saya. Zoɓo kar ki kuskura ki zuba shi da ɗuminsa, ki dafa da daddare ki bar shi ya kwana ya huce, da safe ki ɗura a robobi ki saka. Ruwan da za ki yi haɗi da shi in na randa ne ya fi, ya riga ya yi rabin sanyi. Kunun aya shi nake fara sakawa can ƙasa kusa da ƙanƙara kuma ba na yin mai yawa, daidai wanda zai ƙare a ranar, don ko da sanyi ba ya son kwana biyu. Sannan ki samu kula babba ki riƙa kwashe na sayarwa sau biyu ko uku a rana kina sayarwa daga ciki, ba wai duk yaron da ya zo da naira ɗari a buɗe firiza ba, buɗe buɗen nan shi ke kashe sanyi. Kuma mai buɗewa ta sama za ki saya ba mai tsaye ba, ita mai tsaye kina buɗewa sanyin ke zubowa ƙasa ki ji shi a ƙafarki.

Mai Gyaran Firij, Sabon Gari:

Salam. Hajiya ni gyara nake yi, abin da ake kawo min shago shi zan faɗa miki.

Maganar ta hannu ƴar Beljiyam, a da can gaskiya ne akwai masu ƙarko, amma ki sani an yi su ne don ƙasar sanyi. Ki duba takardar baya za ki ga harafi, N ko SN ko ST ko T. Mai N an yi ta ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST zuwa 38, T kuma zuwa 43. To mu nan da bazara muna haura 38, ɗakin kwano mara silin ma ya fi haka. Mai N in ta zo nan kwamfuresa ba ya hutawa, ga shi dama ya tsufa, ga cin wuta, in kuma sola za ki haɗa nan gaba tsohuwar firiza sai ta sa ki ƙara fanel da batir, arhar ta zama tsada. Ki nemi mai T ko a ƙalla ST. Wasu kuma an sha yi musu ɗurin gas an yi walda an fesa fenti, a shago za a jona miki ki taɓa ki ji sanyi, sai an kai gida sati biyu ta daina. In dole sai ta hannun, ki je da mai gyara naki ba na mai shagon ba, a bar ta a jone a ga ta yi sanyi har ta yanke da kanta ta sake tashi, a saka takarda a bakin murfi a rufe a ja, in takardar ta zare salin alin robar bakin ta mutu.

Ta sola kuma da Hajiyar Kongo ta yaba, tana da kyau ban musa ba, matsalarta ranar da ta lalace. Akwai ɗan allon lantarki a jikin kwamfuresanta, in ya ƙone ba kowane shago ke da shi ba, sau da yawa sai an aika Kano ko Kaduna ko ma Legas, kaya na narkewa ana jira. Ta wuta kuwa ƙananan kayan gyaranta irin su rile da obalod da tamostat duk ga su nan a Sabon Gari, kowane yaron shago ya iya canzawa. In za ki sayi ta sola ki tambayi mai sayarwa ƙarara, in allon ya ƙone a ina zan samu kuma garanti wata nawa, a rubuta a rasit da lambar jikin firizar.

Abin da ya fi kashe firiza a garin nan shi ne wannan jar wutar da kika ce. Wutarmu 230 ya kamata ta zama, in ta sauko ƙasa sosai kwamfuresa sai ya yi ta yunƙurin tashi ya kasa, za ki ji ƙas, shiru, ƙas, yana zafi har ya ƙone. Saboda haka ranar da kika sayi firiza ranar za ki sayi sitabilaiza, ki duba wadda aka rubuta tana ɗaga wuta tun daga 100 ko ƙasa da haka, mai 1000VA zuwa 2000VA, kuma mai jinkiri, wato in an kawo wuta ta jira minti uku zuwa biyar kafin ta saki. Ɗauke a kawo nan take ɗin nan yana wahalar da kwamfuresa ƙwarai. Soket ɗinta daban a bango, ban da jona ta a siririyar waya mai baki huɗu tare da talabijin.

In an ɗauko ta a Keke Napep a tsaye ko a yadda take zama za a ɗora, in an karkata ta ko an kwantar to a bar ta ta zauna wasu awanni kafin a jona don man kwamfuresa ya koma mazauninsa, ni nakan ce a bari ta kwana. A ajiye ta a inuwa inda iska ke shiga, a bar tazarar tafin hannu ko fiye tsakaninta da bango, ba kusa da murhu ba. Sannan dan Allah ban da sa wuƙa a fasa ƙanƙarar jikinta. Sababbin yanzu yawanci gas ɗinsu R600a ne kuma yana kama wuta, in aka huda bututu ga asara ga haɗari. A kashe a bar ta ta narke, a goge.

Uwar Biyu, Tudun Wada:

Kai masha Allah, na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri ya ƙara buɗi. Wlh maganar jaka ɗaya da rabi ɗin nan ban taɓa sani ba, ni a zatona cika ta zan yi. To Malam na Samaru, in na sayi ta wutar da sitabilaiza yanzu, kafin kuɗin sola su taru ƙaramin janareto na gidanmu zai iya jan ta? Irin ɗan ƙaramin nan ne da ake haɗa fetur da baƙin mai. Kuma in lokacin solar ya zo ta yaya zan gane fanel da batir na gaskiya, don ance akwai jabu da yawa.

Ɗan Samaru:

Amin Hajiya. Ɗan ƙaramin nan kar ki haɗa shi da firiza, ƙarfinsa na gaskiya bai fi wat 650 zuwa 800 ba kuma wutarsa hawa da sauka take yi, wani lokacin zai tayar da ita wani lokacin ya shaƙe, kwamfuresan ne zai sha wuya. Sai mai 2kVA zuwa sama. Shi ma ɗin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ki yi lissafi da kyau, fetur ɗin da za ki ƙona na awa biyar ko shida robobin zoɓo nawa za ki sayar ki mayar. In za a tayar, a waje can nesa da taga, ba a zaure a rufe ko a lungun ɗaki ba, hayaƙinsa mai kisan ba shi da wari ba shi da launi, mutum yana barci ya wuce.

Ki kuma duba takardar kuɗin wutarku ko ki tambaya wane rukuni layinku yake. Tun Afrilun 2024 ƴan Band A, waɗanda aka ce za a ba awa 20 a rana, aka kai yunit ɗinsu sama da naira 200, sauran rukunan ba su kai haka ba. Da yadda kika kwatanta wutarku ba na jin kuna ciki, amma ki sani don ki san nawa firizar za ta ci miki a wata ki saka a kuɗin kaya.

Maganar jabu. Fanel akwai wanda ake cire takardar baya a manna wata, mai 300 ya koma 500. Girma ba ya ƙarya, mai wat 500 zuwa 550 na gaskiya ya fi mita biyu a tsayi, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya, mutum ɗaya da ƙyar yake ɗauka. Ki je da wanda ya iya, da mita a hannunsa, a fitar da shi rana tsaka a auna a gwada da abin da aka rubuta a baya. Batir na ruwa 220Ah nauyinsa kusan kilo 60 ne, in yaro ya ɗaga shi da sauƙi akwai magana, a duba ranar da aka yi shi kuma a duba kan tamina, wato inda ake jona waya, ko an taɓa ɗaure waya a kai. Lithium ki saya inda za a ba ki garanti a rubuce kuma shagon ya daɗe a wurin, don akwai waɗanda ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyi a sa a sabon akwati. Akwatin caji a sa MPPT, ya fi PWM tatso wuta daga fanel. Waya daga fanel zuwa ƙasa ta zama mai kauri ta jan ƙarfe zalla, nan ne masu haɗi ke rage kuɗi sai ki taɓa waya ki ji ta da zafi.

Wajen kafawa fanel ya kalli kudu ya ɗan kwanta kaɗan, kamar digiri 10 zuwa 15 ya yi a Zariya, kuma a duba inuwar bishiya ko tankin ruwa, ko gefe ɗaya inuwa ta taɓa wutar na faɗuwa sosai. Da hunturu ƙura na rufe shi cikin ƴan kwanaki, a samu wanda zai riƙa hawa da sassafe kafin ya yi zafi ya wanke da ruwa da tsumma mai laushi, don haka a kafa inda za a iya kaiwa. In na ruwa kika saya a riƙa duba ruwansa duk wata ana ƙara distil wata, ba ruwan rijiya ko na famfo ba, ba kuma asid ba, a ajiye shi inda iska ke wucewa ba ɗakin da yara ke kwana ba.

Maman Ɗalibai, Kongo:

To tunda ta wutar za ki fara da ita, ki cika ƙasanta da robobin ruwan nan tun ranar farko, duk daren da aka kawo wuta su daskare, za su riƙe miki yini guda in ba a yawan buɗewa. Ki kuma yi wa maƙwabciyarki sallama ta mutunci kar ki yanke hulɗa, ranar da layinku ya samu matsala za ki buƙace ta. In za ki shiga kasuwa ki zaga shago uku ko huɗu a Sabon Gari da wajen PZ ki ji farashi kafin ki ciro kuɗi, kuma ki sa a buɗe kwalin a gabanki a jona ta a shagon.

Mai Gyaran Firij, Sabon Gari:

Eh a jona a shago, amma minti goma ya isa a ji kwamfuresa ya tashi bangon ciki ya fara sanyi. In an kai gida ta huce, a kunna ta babu komai a ciki kamar awa huɗu tukuna sannan a fara zuba kaya kaɗan kaɗan. Rasit da katin garanti ki adana su, kwalin ma kar a yar sai ta yi wata ɗaya tana aiki lafiya.